Ranin da Na Zama 'Yar Aiken Noti

Mijina da ƙanina sun taɓa yin rani guda ba sa ga-maciji da juna, kuma a kan me? A kan noti. Wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai babban yatsana ba, wanda ake kwancewa a gindin injin ban-ruwa idan za a juye baƙin mai. In na ba yaran yanzu labarin sai su yi ta dariya, su da suka tashi suka tarar da sola tana jawo ruwa shiru, ba hayaƙi ba ƙara. Ni kam ban ga abin dariya ba a lokacin, domin saura ƙiris in rasa ɗan'uwa ɗaya da ya rage mini a duniya.

Sunana Ma'u. Ƙauyenmu yana gaɓar kogi, a kan hanyar da ta bar Haɗeja ta nufi Guri. Asalinmu masu shanu ne, amma wata annoba ta share garken babanmu tun ina budurwa, sai muka zauna muka kama noma. Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da ƙanina Sunusi. Mijina kuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, Malam nake ce masa, kuma ko yanzu da yake cikin ƙasa ba zan kama sunansa ba.

Malam mutum ne marar magana. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa barin gidan ba hatsi ba. Amma sai mu yini mu kwana maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce "kawo ruwa" da "na fita" ba. Mutum ɗaya ne yake buɗe masa baki, Sunusi. Ƙanin mace ai abokin wasan mijinta ne, su kuwa sun ɗauki wasan nan da gaske. Sai in ji su a zaure suna ƙyaƙyata dariya, Sunusi yana ce masa tsoho mai rowa, shi yana ce masa Bafillacen da bai san bambancin alkama da ciyawa ba. Nakan tsaya da muciya a hannu ina mamaki, wai wannan mai dariyar shi ne mutumin da nake aure.

Gonakinsu na fadama a jere suke, iyaka ɗaya. Wayyo fadamar wancan zamani. Ruwa na janyewa bayan damina sai ka ga ƙasa baƙa wuluk tana ƙyalli, ciyawar kacalla ba ta riga ta toshe hanyoyin ruwa kamar yanzu ba. Tattasai, albasa, alkama, kore shar har iya ganinka. Masunta suna wucewa a kwalekwale su jefo maka tarwaɗa ka jefa musu tumatir. Injin ban-ruwa ɗaya suka haɗa hannu suka saya, yau wannan ya yi ban-ruwa, gobe wancan. Injinsu na farko bai yi tsawon rai ba. Jijjiga ta yi ta kwance notin mai a hankali ba wanda ya lura, ranar nan ya faɗo, mai ya tsiyaye a ƙasa, inji ya buga. Wannan ba su yi faɗa a kai ba, suka ce ƙaddara ce, suka sake haɗa hannu suka sayi wani.

To, a kan na biyun ne tsoro ya shige su. Ni ce mai kai abinci gona, don haka duk abin da ake yi a idona ake yi, sai dai ban san ɓarna ce ba. Ranar Malam, kafin ya ja igiyar tayar da inji, sai ya durƙusa ya sa sifana a notin nan ya ɗan ƙara masa ɗauri. Ranar Sunusi shi ma sai ya durƙusa, kuma shi da yake yana ji da ƙarfi, har guntun bututu yake zura wa sifanar don ta yi tsawo, ya danna da gwiwa. Ba wanda ya gaya wa wani. Kowa gani yake rufa wa ɗan'uwansa asiri yake yi. Malam yana ganin Sunusi mai gaggawa ne, Sunusi yana ganin hannun Malam ya fara sanyi.

Sai mai ya fara naso a gindin injin. Kowa ya zo ranarsa ya ga ɗan baƙin tabo a yashi, sai ya girgiza kai ya ce jiya an bar shi sako-sako, ya ƙara murɗawa. Haka suka yi ta yi, saboda Allah da zuciya ɗaya, har suka kai shi inda suka kai shi.

A ranar Sunusi abin ya faru, tattasai yana tsakiyar fure. Yana can ƙarshen gona yana buɗe wa wani fangalin shuka ruwa ya ji kukan inji ya sauya. Kafin ya iso a guje, injin ya riga ya tsaya. Na iso da ƙwaryar fura na tarar da su biyun a tsaye a kan injin, noti yana kwance cikin taɓo, baƙin mai ya malale har bakin ruwa. Maƙwabtan gona sun bar aikinsu sun matso.

Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. A hankali ya ce, "Ai ka saba. Hannun da ya kasa riƙe shanun ubansa, ina zai riƙe noti?"

Sunusi ne yake kiwon garken shekarar da annoba ta zo, yana ɗan saurayi, a gabansa suka yi ta faɗuwa. Ba laifinsa ba ne, duk yankin aka yi asarar, amma bai taɓa warkewa daga abin ba, kuma Malam ya fi kowa sanin haka.

Sunusi ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Ni da nake bin bayanka kullum ina ɗaure abin da tsufa ya hana ka ɗaurewa? Je ka gida ka nemi tabarma, Malam. Gona ta fi ƙarfinka."

Ba wanda ya sha furar nan. Da yamma na je gidan Sunusi in ba shi haƙuri, ya ce mini, "Adda, kada ki wahalar da kanki. Ana yanke alkama zan tattara iyalina in koma Jahun wajen surukaina. Ba zan ƙara haɗa iyaka da mutumin da ya gaya mini wannan maganar ba." Na san ƙanina. In ya faɗi abu cikin ihu, gobe ya manta. Wannan kuwa a zaune ya faɗe ta, yana kallon ƙasa. Na fito ina kuka a hanya, ba ruwana da masu kallo.

Malam ya kai injin Haɗeja wajen Usman bakanike. Ni dama ina kai fura da nono cikin gari, kuma ta gaban shagonsa nake wucewa, sai na tsaya in ji ko injin zai tashi. Usman ya ce zai tashi. Sannan ya ɗauko tsohon notin ya nuna mini. A tsakanin haƙoransa akwai wasu siraran ɓarɓashin farin ƙarfe a naɗe.

Ya ce, "Kin ga wannan, Adda? Naman injin ne. Notin ƙarfe ne mai tauri, jikin injin kuwa irin farin ƙarfen tukwanenku ne, laushi gare shi. Ba sakaci ne ya cire notin nan ba, ɗauri ne ya yi masa yawa har ya cinye haƙoran ramin. Wa yake ɗaure shi haka kamar da gayya?"

Na ce, "Su duka biyun."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ji na yi kamar in kwaɗa masa ludayi. Da ya gama ya ce zai faɗaɗa ramin ya yanka sababbin haƙora ya sa noti mafi kauri, amma sau ɗaya tak ake iya yin haka, don naman da ya rage ba shi da yawa. In suka sake cinye shi, sai dai a sayar da injin wa masu gwangwan. A ɗaure da ƙaramar sifana, in ya zauna a ɗan ƙara kaɗan, a tsame hannu.

Na ce, "In jijjiga ta kwance shi fa, kamar na farko?"

Ya ce, "Wannan kuma sai su san dabarar da za su yi." Ya ba ni wani noti irin sabon, ya ce su ajiye saboda tsaro. Na ƙulle shi a haɓar zanina.

Na dawo gida kamar in tashi sama don murna. A wautata, gani nake da zarar kowa ya ji cewa ba sakacin kowa ba ne, magana ta ƙare. Ina! Na gaya wa Malam, ya ce, "Ai da bai taɓa ba, nawa ɗaurin ya isa." Na gaya wa Sunusi, ya ce, "Wa ya sa shi? Da ya bar mini ni kaɗai da ba a yi haka ba." Maza ke nan. Na zauna a tsakar gida na yi ta masifa ni kaɗai, kaji ne kawai suka saurare ni.

Inji ya dawo, tattasai ya riga ya zubar da rabin furensa, aka koma ban-ruwa don ceton abin da ya saura da kuma alkama. Amma yanzu ba mai iya ƙara ɗauri, ba kuma mai iya juya wa injin baya. Kowa ranarsa sai ya tayar da shi ya tsuguna yana gadin noti, ya ruga ya buɗe fangali ɗaya, ya rugo ya leƙa. Aikin yini ya koma na yini biyu. In ɗaya ya gama sai ya ajiye injin a kan iyaka ya tafi, ɗayan ya zo ya ɗauka, ko sallama babu.

Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe, Malam ya ce, "Ma'u, ina notin nan da Usman ya ba ki?" Sai da na waiga in ga ko da wata Ma'un yake. Na kwance haɓar zani na miƙa masa. Ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya ɗauko guntuwar fata ya yanka ta zagaye, ya huda tsakiya, ya zura notin. Ya ce, "Zo ki gani. In aka matse fatar nan tsakanin kan noti da jikin inji, za ta riƙe shi, jijjiga ba za ta motsa shi ba. Inji na mutum biyu ne, ba zan sa abu ba da sanin ɗayan ba. Kai masa ya gani." Bai ambaci sunan Sunusi ba, amma ban tsaya jira ba, na yafa mayafi.

Sunusi ya kalli fatar ya yi tsaki. "Ki ce wa tsohon nan wannan shirme ne. Zafin inji zai busar da ita ta ƙanƙance, notin ya fi da sakwarkwacewa. Takalmi ya ɗauka ana ɗinkawa?"

Na dawo na ce wa Malam, "Ya ce dabara ce mai kyau, sai dai yana tsoron zafi zai busar da fatar."

Malam ya dube ni ta gefen ido. "Sunusi ne ya ce dabara mai kyau?"

"Shi fa."

"Ƙarya kike yi, Ma'u." Sai ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa ganin ya yi mini ba. "Amma maganar zafin gaskiya ce. Zauna."

Na zauna. Tun daga ranar na zama 'yar aike, kuma ban taɓa yin aiken da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Sunusi ya aiko da tasa dabarar, a naɗe kan notin da robar tayar keke a ɗaure ta a ƙafar inji. Malam ya ce baƙin mai cin roba yake, ya jiƙa guntuwa a mai ya ajiye a bakin murhu, da ta kumbura ta yi laushi ya ce in kai masa shaida. Shi kuma Malam ya yanko marfin gwangwanin madara ya yi masa ɗan harshe da za a lanƙwasa ya tokare gefen notin. Wannan kam Sunusi ya daɗe yana kallonsa kafin ya sami abin kushewa, har sai da ya lanƙwasa harshen ya miƙar, ya lanƙwasa ya miƙar, ya karye, sannan ya miƙo mini yana jin daɗi. Ina kai zagi in mayar da shi gaisuwa, ina ɗauko baƙar magana in wanke ta a hanya. Dukansu sun san ina yi, ba wanda ya hana ni.

Amma abin da nake tunawa ba zirga-zirgar ba ce, zaman yamman nan ne. Malam ya daina fita zaure, tunda ba mai zuwa. Sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya share ƙasa da tafin hannu ya yi ta zane da tsinke. Ya koya mini ta wane gefe noti yake ɗauruwa, ta wane gefe yake kwancewa. Ya gaya mini abin da mai yake yi a cikin inji. Daga nan magana takan zarce, ya ba ni labarin yadda suke ban-ruwa da jigo shi da mahaifinsa kafin a san inji, yadda kafaɗunsa suke kwana suna zogi, da shekarar da ruwa ya ci gonarsu suka rayu da kifi da gwaza. Mun haifi 'ya'ya mun aurar da wasu, amma ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba sai a lokacin. In na dawo daga aike yakan ce, "Me ya ce?" In na faɗa sai ya ƙara, "Yaya kika ga fuskarsa? Ya rame?" Wani lokaci kuma ya ce, "Ke me kika gani?" Ni Ma'u, ake tambaya me na gani a maganar inji.

Alkama kuwa ba ta jira mu ba. Ta fitar da kai, ta fara ja. Na shiga gidan Sunusi na tarar matarsa ta fara ɗaure kwanuka a buhu. Duk daɗin da nake ji a tsakar gidana, in na tuna buhunan nan sai abinci ya fita raina.

Sunusi ne ya fara kawo maganar waya. Ya ce in kai notin wajen Usman ya huda kansa daga gefe zuwa gefe, a zura waya ta ramin a ɗaure ta a ƙafar injin. Na kai, aka huda, na kawo wa Malam da saƙon. Ya karɓa ya ɗaga shi yana leƙen hasken da ke fitowa ta ramin. Can ya ce, "Ɗan banza, ya samo ta." Ya faɗe ta ne kamar yadda uba yake faɗa in ɗansa ya ci kokawa.

Sai dai ya ce da sauran aiki. Ya ɗauko faifai ya zura zare a bakinsa, ya ce in riƙe faifan in juya shi hagu kamar noti mai kwancewa. Ya ja zaren ta wani gefe, faifan ya juya abinsa ba abin da ya tare shi. Ya koma ɗaya gefen ya ja, na yi na yi faifan ya ƙi motsi. Ya ce, "Kin gani? Ba ɗaure wayar ne aikin ba, ta ina aka ɗaure ta. Dole ta riƙa jan notin ta gefen ɗauri. In ta ɗaya gefen aka sa, ado ne kawai." Na tafi da faifan da zaren na yi wa Sunusi kamar yadda aka yi mini. Ya karɓe faifan ya gwada da kansa, ya ce, "Hm. Ki ce masa a ninka wayar biyu a murɗa ta kamar igiya, in ba haka ba za ta saki." Suka ɗan ja a kan irin wayar, Malam yana son ta birkin keke, Sunusi ya ce taurinta ya yi yawa, ta magina mai laushi ta fi, in ta yi tsatsa ai duk juyen mai za a sa sabuwa. Malam ya yarda. Wannan karon ban gyara maganar kowa ba, don ba abin gyarawa.

Saura sawa. Nan kuma aka tsaya cik. Malam ya ce ba zai sa a ranarsa ba, in wani abu ya faru a ce shi ne. Sunusi ya ce shi ma haka. Noti yana hannuna, an gama komai, mutum biyu masu gemu sun kasa tsugunawa su ɗaura. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na ce wa kowannensu gobe da hantsi zan je gona in sa shi da hannuna, wanda ya ga dama ya zo, wanda bai ga dama ba ya zauna, in injin ya mutu a ce Ma'u ce.

Duk suka zo. Malam ya tsaya ta gabas da injin, Sunusi ta yamma, kowa yana kallon kogi kamar bai taɓa ganinsa ba. Na ɗaure zanina tamau na durƙusa. Na tara tsohuwar roba na kwance notin da ke jiki, baƙin mai ya zubo ya ƙare. Na goge bakin ramin, na sa hudajjen notin da yatsu har ya zauna, na ɗauki ƙaramar sifana na ƙara masa ɗan kaɗan kamar yadda Usman ya ce, na ajiye ta a ƙasa. Na zura waya, na ninka, na murɗa, na ja ta gefen ɗauri na ƙulle a ƙafar injin. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na zuba sabon mai na miƙe.

Malam ya matso ya tsuguna yana dubawa. Ya taɓa wayar ya ji ta a miƙe. Sai na ga hannunsa ya tafi kan sifanar da na ajiye, ya ɗauka ya nufi notin da ita. Na tabbata bai ma san yana yi ba, sabo ne kawai. Kafin in buɗe baki Sunusi ya tsallako tiyo ya cafke masa wuyan hannu.

"Malam, bar shi haka."

Suka tsaya a haka, ɗaya a tsugune ɗaya a sunkuye. Malam ya kalli sifanar, ya kalli hannun da ya riƙe shi. Ya ce, "Sake ni, ɗan nema. Ashe dai hannun yana riƙe abu." Ya ƙara da cewa, "Maganar da na gaya maka ran nan, ban kyauta ba."

Sunusi ya sake shi ya juya baya yana goge ido da hannun riga, yana cewa hayaƙi ne, alhali ba a tayar da injin ba tukuna. Da ya juyo ya ce, "Ja igiyar mu gani, in tsufa zai bar ka." Malam ya ja, inji ya ɗauka, ruwa ya yi tsalle daga bakin tiyo. Muka zuba wa notin ido, yana ta rawa tare da injin amma bai gusa ba. Can sai na ga sun bi hanyar ruwa su biyu suna tafe suna musu a kan wane fangali za a fara buɗewa. Na yi hamdala a fili. Sunusi bai je Jahun ba, a ƙauyen nan ya tsufa, ga gidansa can ina hangowa.

Na koma gida da wuri ran nan na yi tuwon shinkafa da miyar kifi. Ina tuƙi ina ta tunanin wani abu da na lura da shi sa'ad da nake ƙulle wayar. Bakinta da ya rage ya fito waje tsini guda, in an ɗauki injin za a bi da shi cikin ciyawa zai iya sarƙewa ya warware murɗin. Na ga in aka lanƙwasa shi ciki aka cusa a bayan ƙafar injin, shi ke nan. Wannan ba Malam ya gano ba, ba Sunusi ba, ni ce. Na share gindin darbejiya, na shimfiɗa tabarma, har tsinke na nemo na ajiye a gefe don in zana masa.

Ya shigo bayan la'asar fuskarsa a sake, yana ɗan waƙa a ƙasan maƙoshi. Na ce, "Malam, na ce ba, game da bakin wayar nan, da za a..."

Ya ce, "Ai an gama wannan maganar, Ma'u, Allah ya yi miki albarka." Ya faɗa da daɗin rai, ba da wulaƙanci ba. Ya sunkuya ya naɗe tabarmar da na shimfiɗa ya saɓa a kafaɗa. "Ƙara tuwon, Sunusi a nan zai ci. Ki miƙo mana zaure."

Na ƙara tuwon na miƙa musu. Na dawo na zauna a bakin murhu ina jiyo dariyarsu ta bayan katanga, irin ta da, har da tari. Abin da na roƙi Allah ke nan, kuma ya ba ni, wallahi na yi murna. Amma na daɗe a zaune da tsinken nan a hannuna kafin in jefa shi a wuta in tashi in wanke tukunya.